Sharhi Kan Wani Ofishin Sulhu na Riƙon 'Ya'ya Bayan Saki a Kano

Akwai ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu a Kano da ke karɓar aikin sasanta ma'auratan da suka rabu, ba tare da an kai ga tsayawa gaban alƙali ba, kuma babban abin da ke kai mutane wurinsu shi ne rigimar wanda zai riƙe 'ya'ya da wanda zai ɗauki nauyinsu. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan ofisoshi, wanda na yi hulɗa da shi a matsayina na wan matar da aurenta ya mutu, ta dawo gida da yarinya 'yar shekara tara da yaro ɗan shekara huɗu. Na ɓoye sunan ofishin da gangan, domin ambatonsa zai iya sa wasu su gane yaran, alhali ba su da hannu a cikin abin da ya raba iyayensu. Abin da zan ce tun daga farko shi ne aikinsu ya cancanci kuɗin da suke karɓa, musamman ta fuskar bayyana wa kowane ɓangare haƙƙinsa, amma akwai wuraren da suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce ga wanda ya dogara da su.

Rigimar tamu ba ta bambanta da wadda ake gani a unguwanni da yawa ba. Bayan ƙanwata ta gama idda, tsohon mijinta ya riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa lokaci zuwa lokaci, har ranar da ya aiko a ɗauki yarinyar domin ta yi yawon Sallah a gidan mahaifiyarsa, daga nan kuma ya ƙi dawo da ita. Da aka tuntuɓe shi sai ya ce yarinya ta fara girma, tarbiyyarta sai gidan uba, kuma shi ma yaron da zarar ya isa shiga firamare za a zo a tafi da shi, tunda uwarsu ba da ɗa ta zo gidansa ba. An kai maganar wurin dattawa, an kai ta wurin mai unguwa, kuma abin da ya fi damuna shi ne ko a cikin danginmu babu wanda ya ce an zalunce ta. Kawunmu, wanda yake ƙaunarta ƙwarai, cewa ya yi ta yi haƙuri ta roƙe shi alfarma, domin 'ya'ya dama na uba ne. Kotu kuwa ita da kanta ta ƙi, saboda ba ta son a wayi gari a ce wa yaran uwarsu ta taɓa aika wa ubansu sammaci.

Ofishin yana hawa na biyu na wani bene, da ɗakin jira mai kujerun roba da ɗakunan ganawa biyu. Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne an manna takardar kuɗin aiki a bango, an rarrabe kuɗin buɗe fayil da na kowane zama da na rubuta yarjejeniya, kuma duk abin da muka biya an ba mu rasit. Kuɗin zama ɗaya ya kai kusan abin da ƙanwata ke samu a ɗinkin mako guda, don haka ba zan ce da araha ba, sai dai babu wani ƙari na ba-zata da ya biyo baya a cikin abin da aka lissafa.

Lauyar da aka haɗa mu da ita mace ce mai natsuwa. Bayan gaisuwa ta dube ni ta ce, "Malam, ka ɗan ba mu wuri, ina son in ji daga bakinta." Na fita, kuma ina ganin wannan tsari daidai ne, domin mace da yawa ba ta iya faɗin abin da ke ranta a gaban wanta ko mahaifinta, kuma sau da yawa namiji ne ke karɓe maganar ya mayar da ita rigimar gida da gida. Daga baya ƙanwata ta gaya mini irin tambayoyin da aka yi mata: wa ke kai yaran makaranta, wa ke kwana da su idan ba su da lafiya, ɗaki nawa ne a gidan da take zaune, tana da niyyar yin aure nan kusa ko babu, kuma ko uban ya taɓa dukan yaran ko ita. An nemi takardar saki, da takardun haihuwa, da katin asibiti, da rasit na kuɗin makaranta. Ba a tsaya a kan dalilin mutuwar auren ba sai gwargwadon abin da ya shafi yaran, kuma wannan ya rage mata ɗacin maimaita abin da ya wuce.

Yadda suka gayyato uban ma abin yabo ne. Wasiƙa suka rubuta cikin ladabi, suka ce gayyata ce ta tattaunawa a kan maslahar 'ya'yansa, suka bi ta da kiran waya, kuma suka ba shi damar ya zo da wanda ya amince da shi. Ya zo da baffansa. Shi ma an gana da shi shi kaɗai kafin a haɗa su, kamar yadda aka yi wa ƙanwata.

Zaman haɗakar shi ne ainihin abin da mutum ke biya wa kuɗi, kuma a nan ne ofishin ya fi nuna ƙwarewa. Tare da lauyar akwai wani malami masanin fiƙihu da suke gayyata idan auren na Musulunci ne, dattijo mai magana a hankali, wanda ya zo da littattafansa ya ajiye a kan tebur. Bai fara da wa'azi ba. Ya tambayi uban a kan wace hujja ya riƙe yarinyar, uban ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kowa ya sani, yaro in ya kai shekara bakwai na ubansa ne." Malamin ya ce lallai akwai mazhabobin da suka yi maganar shekara bakwai, domin Hanafiyya sun ce a wannan shekarun yaro namiji yake komawa wurin uba, Shafi'iyya kuma suka ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa, amma kotunan shari'a na ƙasar nan da mazhabar Malikiyya suke hukunci. Ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan duk wanda ya zauna a zauren karatu ya sani, ya karanta wurin da aka ce reno bayan saki haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ya ƙara da cewa idan haƙƙin ya faɗi daga hannun uwa ba wurin uba yake zarcewa ba, kakar yaran ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kuma a jerin da Mukhtasar na Khalil ya kawo sai an wuce kaka ta wajen uba kafin a iso kan uban kansa.

Na kalli fuskar baffan a lokacin, na ga mamaki na gaskiya, irin na mutumin da ya shekara da shekaru yana yanke wa mutane hukunci da wani abu da yake zaton addini ne. Shi ne ya tambaya ko wannan ba sabon fassara ba ne na 'yan zamani. Malamin ya amsa masa da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kukan mijinta ya sake ta kuma yana son ya ƙwace ɗanta, aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Sannan ya kawo labarin da ke cikin Muwaɗɗa, na Sayyidina Umar da ɗansa Asim, lokacin da ya iske yaron yana wasa a harabar masallaci a Ƙuba ya ɗauke shi a kan abin hawansa, kakar yaron ta wajen uwa ta bi shi suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar, wanda ya umarce shi da ya bar mata yaron, Umar kuma bai mayar da magana ba. Malamin ya dubi uban ya ce, "Alhaji, wanda aka yi wa wannan hukunci ya fi ni ya fi ka, kuma bai ɗauke shi ƙasƙanci ba." Ina ganin wannan jumla ce ta buɗe ƙofar sulhun, domin abin da ke hana maza da yawa sakin yara ba rashin fahimta ba ne kawai, tsoro ne na a ce mace ta kayar da su.

Abin da ya sa na yarda malamin ba ɓangare ya ɗauka ba shi ne yadda ya juya kan ƙanwata da irin wannan nauyin murya. Ya gaya mata cewa riƙon yana da sharuɗɗa, daga ciki akwai hankali da amana da iya kula da yara da kuma amintaccen wurin zama, musamman ga yarinya mai tasowa. Ya gaya mata cewa idan ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi ya koma hannun mahaifiyarmu, kuma a mashahurin zancen mazhaba ba ya dawowa ko da wannan auren ma ya mutu. Ya gaya mata cewa uba yana nan a matsayin waliyyi, yana da haƙƙin duba 'ya'yansa da tarbiyyarsu da tura su makaranta, kuma hana shi ganinsu zalunci ne. Ya kuma faɗi abin da ba mu so jin sa ba: idan uba zai ƙaura ya koma wani gari da zama, tafiyar da ta kai nisan da malamai suka ƙiyasta da mil 72, kuma hanya da garin suna da aminci, yana da damar tafiya da yaran idan uwar ba za ta bi su ba. Uban ɗan kasuwa ne da ya sha maganar komawa Abuja, saboda haka wannan hukunci ya girgiza ta ƙwarai, ta juyo ta ce mini, "Yaya, ka ji fa." Malamin bai sassauta maganar don ya faranta mata ba, sai dai ya bayyana cewa tafiyar fatauci da ake zuwa a dawo ba ta shiga ciki.

A nan ne nake son in faɗi ra'ayina a kan tambayar da ake yawan yi, wato maza ake fifitawa a riƙon 'ya'ya ko mata. Abin da na gani shi ne fiƙihun da kotunanmu ke aiki da shi ya ba uwa da danginta mata fifiko mai faɗi a reno, ya ɗora wa uba ciyarwa da walicci, amma al'ada ta karɓe renon ta ba uba tun daga yaye, kuma ta bar uwa da roƙo. Mace da yawa tana rasa 'ya'yanta ba tare da wani alƙali ya taɓa yanke mata hukunci ba, domin maganar tana mutuwa a zauren gida, a bakin dattawan da ke neman zaman lafiya ta hanyar ba mai ƙarfi abin da yake so. Ko wadda ta san haƙƙinta, talauci yana iya sa ta miƙa yaran da hannunta idan uban ya ce tunda tana son riƙo sai ta ci da su. Yarinyar da aka raba da uwarta aka kai wa matar uba ita ce ke ɗaukar sakamakon, wani lokaci ta dace da mai tsoron Allah, wani lokaci kuma ta tashi da tallan da ba za a ɗora wa 'ya'yan ɗaki ba. Amfanin ofishi irin wannan shi ne yana kawo littafin kan tebur a gaban mutanen da ba za su taɓa zuwa kotu ba.

Lauyar ta yi nata bayanin a taƙaice. Ta ce Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda sashe na 71 nata ya ce maslahar yara ita ce gaba da komai, ta shafi auren rajista ne, ba ta shafi namu ba. Ta ambaci Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, da Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a Kano a 2023, ta kuma ce idan sulhu ya gagara kotun shari'a za a je, wanda bai gamsu ba kuma yana da hanyar ɗaukaka ƙara, domin sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan irin wannan batu. Bayanin bai ɗauki lokaci ba, kuma ya isa.

Maganar kuɗi ita ce aka fi kai ruwa rana a kanta, kuma tsarin da suka bi ya burge ni. Maimakon a tambayi uban nawa zai iya bayarwa, sai lauyar ta ɗauko takarda aka jera buƙatun yaran ɗaya bayan ɗaya: abinci, sabulu da man shafawa, kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, kuɗin adaidaita sahu, magani, ɗinkin Sallah, da kason yaran a cikin kuɗin haya idan uwar ta kama wuri. Uban ya so a ce yaran su riƙa zuwa gidansa suna cin abinci, shi kuma ya biya makaranta kawai, malamin ya ce mai reno ce ke karɓar ciyarwar yaro a hannunta, ba a tilasta wa yaro yawo tsakanin gida biyu saboda tuwo. Ƙanwata ta so a sanya mata ladan wahalar renon, malamin ya ce a mazhaba mai reno ba ta da lada a kan renon kansa. Aka karanta musu ayar Suratul Baƙara ta 233, wadda ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko a cutar da uba saboda ɗansa, da ta Suratuɗ Ɗalaƙ da ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. A ƙarshe aka tsayar da cewa kuɗin makaranta uban zai riƙa biya kai tsaye ga makaranta, na wata-wata kuma ya tura ta asusun banki domin a sami shaida, kuma a sake duba adadin duk shekara saboda tsadar kaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe lauyar ce ta kawo shi, mu ba mu yi tunaninsa ba.

Gazawa ta farko da na lura da ita ta shafi uban ne, duk da cewa ni ɗan ɗaya ɓangaren ne. A daftarin farko na yarjejeniyar an rubuta abin da zai biya dalla-dalla, da ranar biya, da abin da zai faru idan ya yi jinkiri, amma haƙƙinsa na ganin 'ya'yansa an taƙaita shi a layi ɗaya, cewa zai riƙa ganinsu a lokacin da ya dace. Shi ne ya ɗaga takardar ya ce, "Barista, nawa aikin biya ne kawai ke nan?" Tambayarsa tana kan hanya. Lokacin da ya dace magana ce da mai riƙo kaɗai ke fassarawa, kuma duk ranar da aka sami saɓani za ta zama makami. Sai da ya matsa aka rubuta ƙarshen mako biyu a wata, da rabin hutun makaranta, da yadda za a raba kwanakin Sallah, da wanda zai kawo yaran da wanda zai mayar da su. Ofishin da ke tallata adalci bai kamata ya jira sai uba ya yi ƙorafi kafin ya rubuta wannan ba. A ɗakin jira na zauna kusa da wani magidanci da ya ce tsohuwar matarsa ta yi aure ta bar yaran wurin kakarsu, yana aika kuɗi kowane wata, amma duk ranar da ya je sai a ce sun fita. Ba ni da hanyar jin ɗaya ɓangaren, amma yadda ma'aikaciyar karɓar baƙi ta amsa masa, kamar wanda aka riga aka san shi ne mai laifi, bai yi mini daɗi ba. Yawan ganin matan da aka zalunta yana iya sa ma'aikaci ya daina sauraren namiji kafin ya buɗe baki, kuma uban da aka mayar da shi mai aiko da kuɗi kawai, a hankali zai daina aikowa.

Gazawa ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Duk tsawon zaman ana maganar maslahar yarinyar, amma babu wanda ya zauna da ita ya ji ta bakinta. Yarinya 'yar shekara tara ta san inda ake dukanta da inda ake ba ta abinci a kan lokaci, ta san makarantar da ƙawayenta suke, kuma ta riga ta shafe watanni a gidan kakarta ta wajen uba, wadda ta shaƙu da ita. Ba ina nufin a ɗora mata zaɓi tsakanin uwa da uba ba, domin wannan nauyi ne da bai kamata yaro ya ɗauka ba. Ina nufin a sami mace mai ilimin kula da yara ta gana da ita a keɓe, ta ji damuwarta, ta kuma shirya ta kafin a mayar da ita. Da na tambaya sai aka ce ba su da irin wannan ma'aikaciya. Ranar da aka dawo da yarinyar ta yi murna da ganin uwarta, amma ta yi kwanaki tana tambaya ko laifi ta yi aka kore ta daga can, kuma mu ne muka yi ta fama da amsar ba tare da wani ya koya mana yadda ake yi ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da gyaransu ba zai ci kuɗi ba. An rubuta yarjejeniyar da Turanci, aka karanta ana fassarawa da baki, alhali mahaifiyarmu, wadda riƙon zai koma hannunta idan ƙanwata ta yi aure, da baffan uban, wanda ya sa hannu a matsayin shaida, babu mai karanta Turanci a cikinsu. Sai da muka nema aka yi mana kwafin Hausa, kuma ya ɗauki lokaci. Katangar da ta raba ɗakin ganawa da ɗakin jira ta katako ce, idan murya ta ɗaga na waje yana jin komai, kuma a gari irin Kano ba wuya ka tarar da wanda ya san ka a kan kujerar jira. Ana kuma sa ma'auratan da suka rabu su jira a ɗaki ɗaya suna kallon juna, wanda hakan kan sa a shiga zaman da zuciya a tafashe.

Babbar matsalar ita ce abin da ke biyo bayan sa hannu. Takardar da aka rubuta a ofishin lauya alkawari ce tsakanin mutum biyu, ba hukuncin kotu ba ce, kuma idan ɗaya ya saɓa babu ma'aikacin kotun da zai tilasta masa a kanta kai tsaye. Hanyar da ke ba ta ƙarfi ita ce a kai ta gaban alƙali, ɓangarorin biyu su tabbatar da amincewarsu, ya mayar da sulhun hukunci. Ba a gaya mana wannan a zaman farko ba, kuma ba ya cikin takardar kuɗin da ke bango. Sai da kuɗin wata ya fara zuwa a makare, muka koma, sannan lauyar ta ce dama ya kamata a kai kotu a tabbatar, kuma wannan aiki ne daban mai kuɗinsa daban. Mun yi sa'a uban ya yarda ya je, saboda a lokacin shi ma yana son kwanakinsa na ganin yara su zama hukunci, kuma a gaban alƙali abin bai ɗauki dogon lokaci ba tunda babu jayayya. Da ya ƙi zuwa, da sai dai a shigar da ƙara daga tushe. Ofishin ba ya kiran kowa bayan an gama domin ya ji ko ana cika alkawari, kuma ina ganin kira ɗaya bayan wata uku zai hana yarjejeniyoyi da yawa rushewa.

Wanda ba shi da halin biya ya sani cewa akwai wasu ƙofofi. Hukumar Hisba ta Jihar Kano tana zaman sulhu a kan rigingimun aure da na iyali, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata da yara marasa ƙarfi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana nan tun 1976, kuma akwai cibiyar sasanta rigingimu da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano. Abin da ofishin mai zaman kansa ya ba mu a madadin kuɗinmu shi ne lokaci mai yawa a kowane zama, da lauya da malami a tebur ɗaya, da takarda mai dalla-dalla.

Ina ba da shawarar wannan hanya ga iyayen da har yanzu za su iya zama a ɗaki ɗaya, kuma kowannensu yana da wani babba da yake jin nauyinsa. Ba na ba da shawararta inda akwai duka, ko barazanar gudu da yaro zuwa wani gari, ko inda uba ya riga ya ɓoye yaran, domin a nan umarnin alƙali ake buƙata cikin gaggawa, kuma zaman sulhu zai ba mai ƙarfi ƙarin lokaci ne kawai. Wanda zai je ya tafi da takardar saki da duk rasit ɗin da ke nuna wanda ke biyan me, ya nemi a rubuta kwanakin ganin yara da irin dalla-dallar da aka rubuta kuɗi, ya nemi kwafin Hausa kafin kowa ya sa hannu, kuma ya tambayi kuɗin tabbatarwa a kotu tun ranar buɗe fayil. Idan uwar tana da niyyar yin aure, a rubuta tun yanzu hannun wanda yaran za su koma da gidan da za su zauna, domin a mazhaba ana sharɗanta wa kaka ta kasance ba gida ɗaya take zaune da uwar da haƙƙinta ya faɗi ba, kuma wannan shi ne sharaɗin da mu ma muka koma aka ƙara mana a cikin takardar.